Abin da Tafin Ƙafa Ke Ji

Baful biyu na sayo a Jibiya,
kowanne ya kai mini kafaɗa.
Na girke su a ɗakina na Bagalam
kan siminti tsirara.

Da ganga ta buga
sai ƙasa ta amsa kafin kunnena.
Kwanukan Tsahara na kaɗa haƙora a kabad,
ƙyauren langa-langa na kyarma,
ruwan randa na zana zobe.
Wata biyu kiɗa a dame kamar kunu.

Illo mai faci na bakin tasha ya ce:
"Baful ba shi da laifi.
Raba shi da ƙasa."
Ya yanko mini tsohuwar taya gida takwas,
na aza falalen dutse a kai,
sannan baful.

Shiru ya dawo tsakanin bugu da bugu.
Na ji yatsa na zamewa kan tsirkiyar gurmi,
na ji mawaƙi ya ja numfashi,
ya haɗiye yawu.
Kwanuka suka yi barci.

Da la'asar sai ga Baba a bakin ƙofa,
shi da kunnensa ya mutu shekara tara,
takalmi a hannu, ƙafa a siminti.
Ya jira. Ya gyara tsayuwa. Ya jira.
"Yau ba ka kunna ba?"

Ashe ta tafin ƙafa yake saurare.

Na durƙusa na sauke na hagu ƙasa.
Yanzu na dama nawa ne,
na hagu na Baba.
Tsahara kuwa na cusa tsumma tsakanin kwanukanta,
tana ƙunƙuni.