Jajibirin Fid da Gwani

Kujerar Abuja ta yi wata uku ba kowa,
mai ita ya riga mu, Allah ya sa ya huta.
Gobe mu wakilai za a tara a Yelwa,
a miƙa wa kowa 'yar takarda da biro,
a ce: rubuta suna.

Ni Manu, sassaƙar jirgi na gada,
bokona bai wuce aji huɗu ba.
Amma kawo min gungumen maɗaci,
in ƙwanƙwasa shi da ƙeyar gizago,
in kara kunne,
zan gaya maka ko gara ta yi ɗaki a ciki
tun kafin Kwara ta gaya maka.

Su uku suka zo.

Alhaji Arzika da la'asar, mota tara.
Ya ce min Baba, ya ce wa maƙwabcina Baba,
har Ɗantani da ko gemu bai tara ba, Baba.
Da ya tashi, tabarmata ta yi ƙusumbi a gefe.
Ban ɗaga ba, na san me ke ƙasa.
Kulu ma ta sani:
ta share ko'ina ta bar wajen.

Barista Kakale ya zo da takarda mai sheƙi,
gada a zane, daga nan har ƙetare,
fitilu reras kamar haƙoran tsage.
Na ce, ranka ya daɗe, nawa ne kuɗin fito
daga Zamare zuwa Rofiya?
Ya waiga ya dubi yaronsa.
Yaron ya dubi wayarsa.

Na ukun bai iya doguwar gaisuwa ba.
Malam Nomau, tsohon malamin asibiti,
fuska kamar an aiko masa da sammaci.
An ce hannunsa ba ya buɗuwa,
kuma gaskiya ne, ko goro bai ajiye ba.
Ya sha ruwan randa, ya tambayi tarin Kulu,
ya yi min faɗa a kan magani, a gidana!

Sai dai ni na san shi a wani wuri.
Shekarar da jirgin 'yan kasuwa ya daki kututture,
ruwa ya kai masa ƙirji,
littafi a bisa kansa kada ya jiƙe,
duk wanda aka tsamo sai ya nemi sunansa,
ya ƙi a rubuta "da sauransu".
Kwana biyu. Ba mai hoto a gaɓar.

Jirgin nan ni na sassaƙa shi.
Na mutum arba'in na yi,
aka zuba masa tamanin, da babura, da buhunan gero.
Tun ranar ba na tambayar kyan fenti,
ina tambayar me abu zai iya ɗauka.

Ban ce waliyyi ba ne.
Na ga katako mai kyau ya tsage
don an bar shi a rana, nesa da ruwa,
kuma an ce ranar Abuja ba ta da inuwa.
Wataƙila ya je ya manta hanyar mashaya.
In ya manta, muna nan, shekara ba ta gudu.

Rufin ɗakina yana yoyo wajen ƙafar gado.
Abin da ke ƙarƙashin tabarma zai sai kwano bandir biyu,
na lissafa, ba zan ɓoye ba,
na lissafa har sau uku.

Kulu ta yi tari, ta juya, ba ta ce komai ba.

Da safe zan sa Ɗantani ya mayar,
ya ce Baba ya gode.
Yanzu dai ga gawayi, ga ɓallin katako,
ga fitila ta kusa shanye mai.
Ina koyon zana sunan,
harafin farko yana ta karkace min,
kada gobe hannu ya yi rawa
a ce ƙuri'ar Manu ta lalace.