Layin Allura a Aboabo

Shekara ashirin ina tsira wa 'ya'yan mutane allura,
ina cewa, "Cizon sauro ne, daure."
Yau ga takarda an manna a ƙofar asibiti:
kowane ma'aikaci ya kawo katin rigakafi kafin wata ya ƙare.

Muka jeru tun kokon safe bai huce ba.
Kwabena mai shara na gaba,
likita na bayansa, ya naɗe hannun riga.
Allura ba ta san muƙami ba.

Ni ko, wanzami ba ya son jarfa.
Na duba agogo, na gyara ɗankwali,
na ce ko in bari sai Laraba?
Sai na tuno jinjirin ɗaki na uku,
ɗan kwana shida,
numfashina kullum a kan goshinsa.

Wa ke riƙe da sirinji? Fusaina,
wadda na yi wa lamba tana zanen goyo,
ta cika Kumasi da ihu ran nan.
Ta shafa auduga, ta danne dariya:
"Anti Barikisu, cizon sauro ne."

Na kau da kai wajen taga,
ina ƙirga motocin Kejetia.
Ban kai huɗu ba.