Layi na Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Jidda,
gumin teku na lasar gilashin taga,
ni kuwa ina rawar ɗari a ɗakin sabobi,
gahawa ta huce a kofi ban sani ba.
Mudassir ya bar mini takarda kafin ya tashi:
"Raliya, wata kwantena ta shigo
wadda ba mu muka sa mata hannu ba."

Kwantena! Har yau kalmar na ba ni dariya.
Shekara talatin da ɗaya Baba Tanimu ya yi
a tashar jiragen ruwa,
tsakanin akwatunan ƙarfe da gishiri ya ci,
aikinsa ɗaya, duba hatimi.
Yakan kama ɗan ƙarfen da yatsu biyu,
ya karkata shi wajen rana,
ya karanta lambar da ƙarfi, ya gwada da takarda.
Direba na huci, yana danna oda,
shi ko a jikinsa.
Tawa kwantenar ba ta kai nauyin ƙwallon dabino ba,
amma albashin mutum dubu huɗu
ta cikinta yake bi.

Na buɗe baƙin allon Linuks,
na bi sawun manhajar layi-layi
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Sai ga shi, a na ɗari biyu da sha ɗaya:
in mai gadi ya karanta sa hannu ya ga na ƙarya ne,
zai rufe ƙofa.
In kuwa ya kasa karantawa gaba ɗaya,
sai kunya ta kama shi,
ya yi shiru, ya ce a wuce.

Ban yarda ba sai da na gwada.
A gurbin sa hannu na rubuta "ful da tamis",
na aika.
Ƙofa ta buɗe har da marhabin.

Facin bai fi layi huɗu ba.
Abin da ba ka gane ba, kada ka karɓa.
Na ɗinka, na sake turo ful da tamis ɗina,
aka koro su da jan rubutu,
na ce madalla, na miƙa hannu ga jakata.

Ashe da sauran rina a kaba.
Mai gadin da na wa magani
ya juyo ya tare namu, goma sha ɗaya,
cikinsu har da wadda na haɗa da hannuna bara waccan,
da makullin da wa'adinsa ya ƙare
tun ina sabuwar zuwa.
Zuciya ta ce, ai naku ne, kin san su,
buɗe musu 'yar taga ta gefe, wa zai gani?

Sai na tuna ranar da Baba ya tsare motar Ilu,
amininsa da suke cin tuwo a kwano ɗaya.
Lamba guda ce ta goge a hatimin.
Wata biyu Ilu bai amsa masa sallama ba.

Na jawo kujera.
Sabon makulli, ɗaya bayan ɗaya,
na buɗe, na duba, na sa hannu, na rufe.
Ina kan ta tara ladan ya kira asuba,
ta sha ɗaya ta wuce hantsi ya dubi ludayi.

Da na isa Karantina Baba na bakin ƙofa,
yanar ido ta hana shi ganin ko lambar gidanmu.
Ya ce, "Wai ke me kike yi ne dare farai?"
Na ce, "Duba hatimi, Baba."
Ya daɗe yana juya carbi.
"To, can ɗakin naku mai sanyi,
ina kike samun rana?"