Abin da Dakta Jaratu Ta Rataya a Ɗakina

A Domayo, cikin Marwa, bazara ta kafa ƙafa,
Mayo Kaliyawo ya bushe, yara na tonon yashi.
Sai ga Dakta Jaratu da jakarta,
ta yi sallama, ta ɗaga kai ta dubi kwanona.

Wani abu ta rataya a ƙusa, bai kai akwatin ashana ba,
wai shi zai ƙirga zafin da nake kwana ciki.
Na ce, “'Yar nan, tambayi tabarmata,
ta san lissafin tun ba a haife ki ba.”

Mako shida yana lilo kusa da kalanda.
Ta dawo ta ce: arba'in da huɗu da la'asar;
soron Goggo Dudu kuwa, bayan masallaci,
talatin da uku.

Ni da na rushe ginin ubana,
na ci bashin sefa na sayi bulo,
don kada a ce ɗan Hamajoda bai waye ba!

Ba ta yi dariya ba. Ta zana mini a takarda:
taga sama, taga ƙasa,
farar ƙasa bisa kwano, zana a ƙarƙashi,
darbejiya a yamma, ko da jikoki ne za su sha inuwa.

Littafinta da Faransanci ne, ba zan karanta ba.
Amma jiya na huda bango.
Matata ta yi barci har assalatu,
ni ina zaune, ina jin iska na shigowa
kamar baƙuwar da ta san gidan tun da.