Hasumiyar da Ta Karkace a Wayata

Ranar Talata na tayar da ɗan jirgina bisa Gobarau,
da hantsi, kafin rana ta yi ƙarfi.
Ina duban waya sai gabana ya faɗi:
hasumiya ta jingina hagu
kamar tsohon da gwiwa ta ci amanarsa,
rufin gidaje duk sun gangara gefe guda,
har barkonon da Tabawa ta shanya a soro
na ji kamar zai zubo mini a hannu.

Shekara nawa tana tsaye ba ta nemi sanda ba,
sai yau, a wayata, za ta karkace?

Na san inda aka haihu a ragaya.
Shekaranjiya, wajen Ƙofar Guga,
iska ta fizge shi ya rungumi reshen bedi.
Ya faɗo, ya tashi, na ce ai da sauƙi,
ashe wuyan kyamara ya gurɗe, ya yi shiru da abinsa.

Na bi manhaja, na danna inda aka ce a danna.
Ya ɗaga kai, ya sunkuyar, ya yi gyaran murya,
ya ce an kammala.
Ƙarya yake.

Sai na kai wa Rabe mai agogo a 'Yar Kutungu,
wanda bai taɓa tayar da jirgi ba, ko na takarda.
Ya maƙala gilashi a ido ɗaya,
ya juya shi ciki da baya kamar mai tayin zabo.
"Sahabi, a ina ka ajiye shi da kake koya masa daidai?"
Na ce bisa teburin ɗakina.
Bai tanka ba. Ya aiki yaro ya kawo ruwa a tasa,
ya aza bisa nasa teburin,
ruwa ya tattara ya koma gefe.
"Nawa ke nan, ni da nake lura. Ina ga naka?
Ka ɗora abu a karkace, ka ce masa nan ne daidai,
abin da ka faɗa masa shi zai riƙe."

Ya ninke kwalin ashana ya cusa ƙarƙashin ƙafar tebur.
Ya ƙara rabi.
Ruwa ya kwanta.

Sannan ya shiga aiki.
Robobi huɗu ke riƙe da kyamara,
ɗaya ta zame daga raminta, ya mayar da bakin matsefata.
Ƙwayar yashi ta maƙale inda wuya ke juyawa,
ya hure ta, ta ƙi, ya lallaɓo ta da gashin kaza.
Wani noti da bai kai ƙwayar gero ba
ya kuɓuce ya faɗi ƙasa,
muka durƙusa mu biyu muna lalube,
masu wucewa na zaton zinari muka yar.

"To danna. Kar ka jingina, kar ka yi tari."
Muna tsaka sai ga tifa ta girgiza layin,
muka sake daga fari.

Ɗari biyar ya karɓa,
da alkawarin zan nuna masa rufin gidansa daga sama,
wai yana zargin indararo.

Da la'asar na koma Gobarau.
Ga ta nan tsaye ƙyam, yadda kakana ya bar ta.
Barkonon Tabawa na nan inda yake.
Na karkato jirgi zuwa unguwarmu don murna,
layin sama da ƙasa ya miƙe sambal,
kowace katanga ta tsaya da ƙafarta,
ban da guda ɗaya.

Bangon zaurenmu ne, na gabas,
wanda Baba ya gina da hannunsa.
Makon jiya na gan shi haka, na ɗora wa kyamara.

Na sauke jirgi, na cire batir, yana da ɗumi.
Gobe da sassafe zan nemi Mati magini,
tun hadari bai haɗo ba.