Kififiya a Bakin Kogin Auyo

Ruwa ya janye, taɓo ya tsattsage.
Na zo wankin jikoki, na tarar da su biyu
a kududdufin gindin giyayya:
kififiya da mai nemanta.

Shi ne ƙaramin. Ya ɓullo ta dama, ta ba shi baya.
Ya kewayo ta hagu, ya miƙa wuya
ya shafi kuncinta da hanci,
ta yi ƙasa, ta bar shi da kumfa.
Sai na ajiye sabulu na zauna.

Barau ne ya faɗo mini a rai.
Shekara bakwai yana su a ruwan gishiri, can kudu,
ya dawo da tari da rediyo da labari:
wai akwai yayar wannan a teku,
kanta kamar turmi,
bayanta ja kamar tukunyar da ta sha gashi.
Wai namijin sai ya yi iyo har ya gaji kafin ya iske ta,
ya ɗan cije ta a wuya, a kafaɗa.
Ita ko in ba ta so, sai ta haɗe ƙafa ta nutse,
ko ta juyo su yi ido da ido.
In ta yarda, ya saƙala farce a bakin ƙoƙon bayanta,
igiyar ruwa na wasa da su tun hantsi har la'asar,
wasu mazan na cizonsa, ba ya saki,
ita ke goya shi duk sa'ad da za su sha iska.

Na ce, "To daga nan fa?"
Ya ce, "Daga nan kowa ya kama ruwansa.
Amma ita, Kande, komai nisan da ta yi,
rairayin da aka ƙyanƙyashe ta, nan take komawa ta yi ƙwai."
Na ce, "Ashe ta fi wasu hankali."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Damina huɗu ke nan yana kwance bayan gari,
taku kaɗan daga inda aka binne cibiyarsa.

Ruwa ya motsa. Ga ta nan,
hanci kawai ta fito da shi, kamar tsinken kara.
Shi ma ga shi, bai yi zuciya ba.
Wannan karon ba ta nutse ba.

Na tattara wankina da sauran kumfa a jiki,
na matsa can gaba,
kada inuwata ta faɗa musu.