Gidaje Ashirin da Bakwai

Babana Wiebe bai iya dasa ko albasa ba
sai da ya haura hamsin.
Kafin nan yatsunsa madannai kaɗai suka sani:
ɗaki a saman shagon gyaran keke a Leeuwarden,
kwamfuta mai gurnani kamar tsohuwar kyanwa,
shi da Ruurd suna raba burodi ɗaya,
suna rubuta wasan da ba wanda ya saya.

Kamfanin farko ya mutu a zanen goyo.
Na biyu ya yi rarrafe, ya kife.
Na uku ne ya kai shi Kalifoniya
da manhaja mai tuna wa mutum
lokacin shan ruwa ya yi.
Ya ce, "Marrit, na yi arziki
da ƙishirwar da mutane suka manta suna ji."
Ya yi dariya. Ba ta kai ido ba.

Rasuwar kakata ce ta dawo da shi.
A bayan ƙofarta, bokitin ɓawon dankali
da take tara wa kajin maƙwabta;
ƙarƙashin indararo, duro cike da ruwan sama.
Ya daɗe a tsaye da baƙar kwat ɗinsa.
Mu muna jiransa a mota.

Sai ya sayi fili, laka da iska,
ƙasar da kakanni suka ƙwato daga bakin teku.
Ya zana gidaje a cikin rigar gilashi,
rufi mai shan rana, kwalbati mai tace kansa,
kifi na ciyar da latas, latas na wanke wa kifi ruwa,
shara ta zama gas, gas ya dafa miya.
Shekara bakwai yana zarya ofishin gunduma,
takarda na haihuwar takarda.
Sannu ba ta hana zuwa,
amma ta cinye masa gashin kai da rabin asusu.

Muka tare, gida ashirin da bakwai.
A kowane bango ya binne ƙaramar na'ura
mai auna zafi, mai ƙirga ɗigo.
Unguwar duka tana numfashi a cikin wayarsa.

Wani daren Janairu, bayan mako uku ba rana,
iska ma ta kwanta, batura suka mace.
Allon ya yi baƙi. Bututu ya daskare.
Na gan shi yana latsa gilashi, yana latsawa,
kamar mai tashin wanda ya riga ya tafi.

Tjitske ce ta fito da tocila da takalmin roba,
tsohuwar ungozoma mai shekara saba'in da takwas,
wadda ta kafa murhun itace a falonta
bayan sun yi wata biyu suna jayayya,
don ba ya cikin zane.
Ƙofa-ƙofa ta bi tana bugawa.
Muka kwaso yara a bargo,
muka kwaso kifi a bokiti zuwa bahon wankanta.
Murat ya kwanta a kan ƙanƙara da tukunyar ruwan zafi
yana lallashin bututu har asuba.
Babana aka ba shi riƙon fitila.
Ya riƙe ta da kyau.

Da bazara ya ƙara batura, ya gyara lissafi,
ya saka murhun a zane da fensir,
bai ce wa Tjitske komai ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Har yanzu masu kuɗi na zuwa daga nesa
su ɗauki hoton rufin.
In ranar Alhamis ce, sai su jira:
sunansa ne a allon masu sharar akurki.
Wayar na ruri a aljihun kwat ɗin da ya rataye a shinge,
shi kuwa yana durƙushe a cikin ciyawa,
yana laluben inda jar kazar nan
ta sake ɓoye ƙwanta.